Tarihin Louis Pasteur, Ɗan Majemin da Ya Gano Sirrin Yis da Zafi

A filinmu na tarihin shahararrun mutane na wannan karon, na kawo muku tarihin wani Bafaranshe masanin kimiyya mai suna Louis Pasteur. Ana furta sunan kamar Luwi Fastar, kada wani ya zaci fasto ne na coci. Ya rasu tun shekarar 1895, kuma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Amma duk wanda ya taɓa shan madarar kwali ko yogot na kanti, ko aka taɓa yi wa dabbar gidansu allurar rigakafi, to aikin mutumin nan ya shafe shi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, babban bincikensa ya faro ne daga abubuwan da ke kowane gida a nan Jajaye, wato yis da tsamin nono, da yadda zafi da sanyi suke juya su.

An haife shi ranar 27 ga Disamba, 1822, a wani gari da ake kira Dole a gabashin Faransa. Mahaifinsa tsohon soja ne, ya yi saje a rundunar Napoleon, da yaƙi ya ƙare sai ya koma sana'ar gidansu, wato jima. Majemi ne kamar waɗanda ke unguwar Majema a birnin Kano. Yana ɗan yaro suka tashi suka koma garin Arbois, inda mahaifin ya kafa wurin jimarsa a bakin rafi. A cikin warin fata Pasteur ya girma.

A makaranta ba ya cikin 'yan gaba-gaba. Abin da ya fi iyawa shi ne zane. Ya zana fuskar mahaifiyarsa da ta mahaifinsa da na maƙwabta, kuma har yanzu zanen suna nan an adana. Yana da shekara goma sha biyar aka kai shi karatu Paris, amma kewar gida ta dame shi har ya kasa komai, dole mahaifinsa ya bi shi ya dawo da shi bayan wata guda kawai. 'Yan makarantar kwana sun san wannan ciwon. A 1841 ya faɗi jarrabawar kammala sakandare ta ɓangaren lissafi. Ya sake a 1842 ya ci, sai dai makin da ya samu a kimiyyar sinadarai na tsaka-tsaki ne, ga shi kuma a wannan fannin ya zo ya shahara. A shekarar ya zauna jarrabawar shiga babbar makarantar horar da malamai ta Paris, aka ɗauke shi amma a can ƙasa-ƙasa. Sai ya ce bai yarda ba. Ya koma ya ƙara shekara guda yana karatu, ya sake zama a 1843, ya zo na huɗu.

Binciken da ya fara fito da sunansa a kan wani sinadari ne mai tsami da ke daskarewa a jikin gangar ruwan inabi. Irin sinadarin nan ne yake sa tsamiyar da muke kunu da ita take da tsami. A 1848, yana ɗan shekara ashirin da biyar, ya sa ƙananan duwatsun sinadarin a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ya ga ashe iri biyu ne. Kamanninsu ɗaya, amma wasu sun karkata dama wasu hagu, kamar tafin hannun dama da na hagu. Ya zauna da ɗan hantsaki yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Wani tsohon malami mai suna Biot bai gaskata ba, sai da ya sa yaron ya maimaita a gabansa. Daga wannan aikin Pasteur ya lura da wani abu: sinadaran da abu mai rai ya samar sukan karkata gefe guda ne. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

A 1849 ya samu aikin koyarwa a jami'ar Strasbourg, ya auri 'yar shugaban jami'ar, sunanta Marie Laurent. Ita ce ta riƙa rubuta masa abin da yake faɗa, tana taya shi aiki har ƙarshen rayuwarsa. A 1854 aka naɗa shi shugaban tsangayar kimiyya a Lille, wani birni mai masana'antu a arewacin ƙasar.

To a nan ne labarin yis ya shigo. A 1856 mahaifin wani ɗalibinsa, mai suna Bigo, ya kawo masa kuka. Yana da masana'anta inda ake matse ruwan wata saiwa mai zaƙi da Turawa ke yin sukari da ita, a bar shi ya tsimu ya zama sinadarin barasa. Amma wasu manyan gangunan sai su lalace, su yi tsami kamar nonon da ya kwana uku, kuma ba wanda ya san dalili. Asara yake ta yi. Pasteur ya ɗebo ruwan ganguna masu kyau da na marasa kyau ya duba a madubinsa. A masu kyau ya ga ƙananan abubuwa masu kama da ƙwai, wasu har da ɗan tsiro a gefe. Wannan shi ne yis. A waɗanda suka lalace kuwa ya ga wasu halittun daban, sirara kamar guntayen tsinke, kuma sun fi yis ƙanƙanta.

A lokacin manyan masana, musamman wani Bajamushe mai suna Liebig, sun ɗauka yis ba shi da rai. A ganinsu wani abu ne da yake ruɓewa, ruɓewarsa ce take shafar sukari. Gaskiya ne tun wajen 1837 wasu masana biyu, Schwann da Cagniard-Latour, sun ce yis halitta ne mai rai, amma aka yi musu dariya. Pasteur ya riga ya ga cewa wani sinadari da ke fitowa wajen tsimuwar yana da irin karkatar nan ta gefe guda, sai zuciyarsa ta ba shi cewa lalle mai rai ne yake aikin. Ya tabbatar da haka ta hanya mai sauƙi. Ya zuba ruwa mai tsabta, ya sa sukari da 'yan gishirin sinadarai, ya sa yis ɗan mitsitsi. Bayan kwanaki ya auna, ya ga yis ya ƙaru, sukari ya ragu. Abin da ba shi da rai ba ya ci, ba ya hayayyafa.

Yis ƙwaya ce guda ɗaya tak, sai an jera fiye da ɗari kafin su cika milimita ɗaya a kan rula. Yana cin sukari, yana fitar da iskar nan da mu ma muke fitarwa idan mun yi numfashi. Iskar ce take maƙalewa a cikin kullu ta sa shi ya tashi, ita ce take yin 'yan ramukan da muke gani a cikin waina da fanke da burodi. Hayayyafarsa kuma ta tsiro ce: ƙwaya ta fitar da ɗan kumburi a gefe, ya girma, ya ɓalle ya zama wata. Idan ya samu abinci da ɗumin da yake so, cikin kamar awa biyu yawansa ya ninka. Su kuma siraran halittun da suka ɓata wa Bigo ganguna, a 1857 Pasteur ya rubuta cewa irinsu ne suke mayar da madara ta yi tsami. Wato abin da ya zama annoba a masana'antar Bigo, shi ne arzikin mai tallan nono.

Tunda mai rai ne, to yana jin zafi yana jin sanyi. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin su ji sunan wani Pasteur. Da bazara, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, mai waina takan sa yis a kullu, kafin ta gama share tsakar gida ya taso har yana neman zuba, idan ta yi sake kuma ya zarce ya yi tsami. Da hunturu kuwa, da sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15, sai ta rufe robar ta kai rana ko ta ajiye kusa da murhu, tana leƙawa tana tsaki. Yis ɗin bai mutu ba, sanyi ne ya sa shi kasala. Yis na burodi ya fi sakewa tsakanin digiri 25 zuwa 35. A cikin firji sai ya kwanta kamar mai barci, a fito da shi ya farfaɗo. Amma idan zafi ya kai wajen digiri 55 zuwa 60, mutuwa yake yi, babu dawowa. Shi ya sa wadda ta jiƙa yis da tafasasshen ruwa don sauri, ranar sai dai a ci waina kamar dutse.

Haka abin yake ga matan Fulanin da ke rugagen da ke kewaye da mu, daga nan har Rogo da Karaye. Mai yin kindirmo takan dafa madara, ta sauke, ta bar ta ta huce har ta koma ɗumi-ɗumi, sannan ta zuba ɗan kindirmon jiya, ta rufe ƙwaryar da faifai ta bar ta ta kwana. Dafawar ta kashe baƙin halittun da suka shiga wajen tatsa. Hucewar kuma don kada zafi ya kashe na kirkin da za ta zuba. Halittun da ke daskarar da yogot sun fi son ɗumi na wajen digiri 40 zuwa 45, wato sun fi yis son zafi. Ita ba ta da ma'aunin zafi, yatsanta ne ma'auninta. A ganina da Pasteur ya ga wannan aikin da ya jinjina mata.

Sai wata tambaya ta taso: daga ina halittun suke zuwa? Mutane da yawa a lokacin sun yarda cewa rai yana ɓullowa haka kawai daga abin da ya ruɓe, kamar yadda har yanzu wasu suke cewa wake ne da kansa yake haifar da ƙwaro a cikin buhu, alhali ƙwai aka saka masa tun a gona. Wani masani mai suna Pouchet ya tsaya kai da fata a kan wannan ra'ayi. Pasteur, wanda ya koma Paris a 1857, sai ya sa romo a kwalabe, ya narka wuyan kowace da wuta ya ja shi ya lanƙwasa kamar wuyan zalɓe, ya tafasa romon, ya bar bakin a buɗe. Iska tana shiga, amma ƙura tana maƙalewa a lanƙwasar. Romon ya yi watanni bai canza ba. Da ya karya wuyan wata kwalbar, cikin 'yan kwanaki ta gurɓace. A 1860 har kan dutsen ƙanƙara ya hau da kwalabe ashirin ya buɗe su a can inda babu ƙura, guda ɗaya ce kawai ta lalace. A 1862 cibiyar masanan kimiyya ta Faransa ta ba shi kyauta a kan wannan aikin.

Kada ku ɗauka mutum ne mai sauƙin kai. A makarantar horar da malaman da ya yi karatu, shi aka ba kula da ɗalibai, kuma ya matsa musu ƙwarai. Akwai ranar da suka ƙi cin wani romon naman tunkiya, sai ya ba da umarni a riƙa dafa musu shi duk ranar Litinin. Daga baya rikici ya yi tsanani har a 1867 ya bar muƙamin. Da shi ne malamin ladabtarwarmu, ban san yadda za mu ƙare ba.

A 1863 sarkin Faransa, Napoleon na Uku, ya nemi ya binciki abin da ke lalata ruwan inabin da ƙasar take sayarwa waje, don kuɗi mai yawa ne yake salwanta. Nan ma ya tarar da baƙin halittu. Maganin da ya kawo shi ne zafi, amma zafi mai iyaka. Idan aka tafasa abin, ɗanɗanonsa ya tafi. Sai ya gano cewa ɗumama shi zuwa digiri 50 zuwa 60 na ɗan lokaci ya isa ya kashe masu ɓarnar. Ya yi wa hanyar rajista a 1865, kuma da sunansa ake kiranta har yau. Ba shi ne ya fara amfani da ita a madara ba. Wani masani a Jamus mai suna Soxhlet ne ya ba da shawarar haka a 1886 don madarar jarirai. Yanzu kamfanoni suna riƙe madara a digiri 63 na minti talatin, ko digiri 72 na daƙiƙa goma sha biyar, sannan su sanyaya ta da sauri.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Saniya tana iya ɗauke da tarin fuka, ko cutar nan da ke sa shanu ɓari, kuma dukansu suna bin ɗanyar madara su shiga jikin mutum. Saniyar tana iya zama da ƙiba, madarar fara sol, ƙwaryar a wanke. Ido ba ya ganin abin. Akwai masu taƙama da shan madara da ɗuminta daga hantsa suna cewa ta fi ƙara ƙarfi. Ni dai bayan na karanta wannan tarihin, sai an ɗora ta a wuta.

Shekarun nan da sunansa yake tashi, gidansa kuwa makoki ake yi. 'Ya'ya biyar Allah ya ba shi, uku suka rasu suna ƙanana. Jeanne ta rasu a 1859 tana da shekara tara, zazzaɓin taifot ne ya kashe ta. Camille ta rasu a 1865 tana da shekara biyu, a shekarar da mahaifinsa ma ya rasu. Cécile ta bi su a 1866 tana da shekara goma sha biyu, ita ma taifot. Kusan tsararmu ce. A cikin wannan hali gwamnati ta tura shi kudancin ƙasar ya ceto tsutsar da ke saƙa zaren siliki daga wata annoba, kuma ya koya wa manoma yadda za su duba uwar ƙwan a madubi su zubar da ƙwan mai cuta. A Oktoban 1868, yana da shekara arba'in da biyar, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. An zaci ba zai tashi ba. Ya tashi, amma da ɗingishi da mataccen hannu ya ƙarasa rayuwarsa, mataimakansa ne suke riƙe masa kwalabe.

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, aka ci Faransa. Abin ya yi wa Pasteur ciwo har ya mayar wa jami'ar Bonn ta Jamus takardar girmamawar da ta ba shi. Sai ya ƙudurta zai rama ta hanyar da ya iya. Jamusawa sun fi kowa suna wajen yin giyar sha'ir, shi kuma ya ce sai ta Faransa ta fi tasu. Mu dai mun san giya haramun ce a addininmu, kuma ba tallarta na zo yi a allon makaranta ba. Na kawo wannan ne don a nan aka fi fahimtar yadda yis yake da zafi, kuma ilimin da aka samu ya wuce gidan giya ya shiga gidan burodi da asibiti.

Jamusawan yankin Bavaria suna da wani yis na daban mai jure sanyi. Irin na burodi yakan taso sama da kumfa, yana son ɗumi. Nasu kuwa yana aiki a hankali a sanyin wajen digiri 7 zuwa 13, ya gama ya kwanta a ƙasan ganga. Sukan ajiye gangunan makonni a cikin kogo da ƙanƙarar da suka sara daga tafki lokacin sanyi, shi ya sa ake kiran abin laga, daga kalmarsu ta ajiya. Tun 1553 mai mulkin Bavaria ya hana yin wannan aiki a watannin zafi saboda yawan lalacewa, ba tare da kowa ya san dalilin lalacewar ba. Binciken Pasteur ne ya bayyana shi. A sanyin nan yawancin halittun da ke kawo tsami ba sa iya motsi sosai, shi kuwa wannan yis ɗin yana iyawa, sai fili ya zama nasa shi kaɗai. Sanyin katanga ce.

Abin mamaki, shi kansa yis mai jure sanyin, idan ana so ya yi yawa kafin a sa shi aiki, a ɗumin ɗaki ake renonsa, wajen digiri 20 ko sama kaɗan, a cikin ɗan ruwa mai zaƙi da aka tafasa aka bari ya huce, ana girgizawa don iska ta shiga. Jure sanyi daban, son sanyi daban. A ɗumi ya fi saurin hayayyafa. Maganar iskar ma Pasteur ne ya gano ta: idan yis ya samu iska sosai ya fi ƙaruwa, idan aka toshe masa ita sai ƙaruwar ta ja baya. Wannan shi ne tushen yadda kamfanoni suke noma yis ɗin da ake busarwa a sa a leda, wanda ake aiken mu saya a kanti.

Ya ziyarci wata babbar masana'anta a Landan a 1871, ya nuna musu a madubi cewa yis ɗinsu ya gauraya da baƙi, suka je suka sayi nasu madubin. A 1876 ya fitar da littafi a kan binciken. Ramuwar da ya so dai ba ta samu yadda ya so ba, don waɗanda suka fi cin moriyar littafin 'yan ƙasar Danmak ne. A ɗakin binciken Carlsberg da ke Copenhagen, wani mai suna Emil Christian Hansen, shi ma ɗan talakawa, ya ware ƙwayar yis guda ɗaya tak a 1883, ya rene ta har ta zama iri mai tsabta da babu gauraye. Sunan da masana suke kiran wannan yis mai jure sanyi da shi a yau, daga sunan Pasteur aka ciro shi.

Daga ganga sai ya koma kan jiki. Tunaninsa shi ne, idan ƙananan halittu suna sa wa ruwan inabi ciwo, me zai hana su sa wa dabba da mutum? Wani likitan tiyata a Birtaniya, Joseph Lister, ya karanta rubutunsa ya fara tsabtace raunuka da kayan aiki da sinadari, mutuwar bayan tiyata ta ragu sosai. Shi kuma Pasteur ya fuskanci ciwon saifa da ke kashe tumaki da shanu. Nan ma zafi ya sake fitowa. An lura kaji ba sa kamuwa da ciwon. Ya yi zargin saboda jikin kaza ya fi na tunkiya zafi ne, yana kaiwa digiri 41 zuwa 42. A 1878 ya sa wa kaza ƙwayar cutar, ya tsoma ƙafafunta da ƙasan jikinta a ruwan sanyi har zafin jikinta ya sauka, sai ta kamu ta mutu. Wata kuma da aka ciro daga ruwan da wuri aka ɗumama ta, ta warke. Kazar ta ba ni tausayi, amma gwajin ya burge ni.

A watan Mayun 1881 ya yi gwaji a bainar jama'a a wata gona da ke Pouilly-le-Fort. Tumaki kusan hamsin aka kawo, aka yi wa rabi allurar rigakafi, aka bar rabi, sannan aka sa wa duka cutar mai ƙarfi. Ranar 2 ga Yuni mutane suka taru har da 'yan jarida. Waɗanda ba a yi wa allura ba sun mutu ko suna kan mutuwa, sauran suna tsaye suna cin ciyawa.

Sai dai akwai wani abu da ba zan ɓoye ba. Pasteur ya ce wa iyalinsa kada su nuna wa kowa littattafan da yake rubuta sirrin aikinsa. A 1964 jikansa ya ba da su ga babban ɗakin karatu na ƙasa. Da masana tarihi suka karanta, sai suka ga allurar da aka yi wa tumakin ba ta hanyar da ya bari mutane suka zata aka haɗa ta ba. An yi amfani da wani sinadari ne, hanyar da ta yi kusa da ta wani likitan dabbobi mai suna Toussaint da suke gasa da shi, kuma bai faɗa ba. Allurar ta yi aiki, amma a nan bai kyauta ba.

Aikinsa na ƙarshe shi ne kan ciwon haukan kare. Ƙwayar wannan cuta ta yi ƙanƙantar da madubin zamaninsa ba ya iya nuna ta, don haka bai taɓa ganin abin da yake yaƙa ba. Shi da mataimakinsa Roux suka riƙa sa wa zomaye cutar, su ciro lakar bayansu su rataye a kwalba ta bushe. Gwargwadon kwanakin bushewa, gwargwadon raunin cutar. Ranar 6 ga Yuli, 1885, wata mata ta kawo ɗanta Joseph Meister, mai shekara tara, wanda mahaukacin kare ya ciza wuri goma sha huɗu. A karnuka aka fi gwada maganin, kuma Pasteur ba likita ba ne, da yaron ya mutu da ya shiga uku. Wani likita mai suna Grancher ne ya riƙa yin allurar, guda goma sha uku cikin kwana goma sha ɗaya, ana farawa da mai rauni ana ƙara ƙarfi. Yaron bai kamu ba. Bayan wata uku aka kawo wani makiyayi ɗan shekara goma sha biyar, Jupille, wanda ya yi kokawa da mahaukacin kare don ya kare ƙananan yara. Shi ma ya tsira. Daga nan mutane suka riƙa zuwa Paris daga Rasha da Amurka.

Sirrin shi ne cutar tana tafiya a hankali daga wurin cizon zuwa ƙwaƙwalwa, allura kuma tana riga ta. Idan alamu suka riga suka bayyana, kamar tsoron ruwa, kusan babu mai tashi, har a yau. Don haka wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti goma sha biyar, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace.

Da gudummawar jama'a daga ƙasashe da yawa aka gina cibiyar bincike mai sunansa a Paris, aka buɗe ta ranar 14 ga Nuwamba, 1888. Tana da 'yar uwa a Dakar ta ƙasar Senegal, inda ake haɗa allurar rigakafin shawara. Meister da ya girma, a cibiyar Paris ya yi aikin gadi. A 1892 aka yi wa Pasteur bikin cika shekara saba'in, ya shigo zauren yana dafe da hannun shugaban ƙasa saboda rauni, Lister ya taso ya rungume shi.

Ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1895, a wani gida kusa da Paris, yana da shekara saba'in da biyu. Saboda shi ne aka ware 28 ga Satumba ta kowace shekara ta zama ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Kabarinsa yana cikin cibiyar tasa, matarsa Marie da ta rasu a 1910 tana kusa da shi, kuma a jikin ginin an yi ado da hotunan karnuka da tumaki da zomaye da kaji.